DOGON BARO: YADDA ZA MU KULA DA BIRKI, MU ZAƁI MAN INJI

Ƴan uwa manoma na Madarunfa da Gabi da Safo da Ɗan Isa da Jiratawa da Sarkin Yamma, 

Kun saba in yi muku zancen iri da taki da maganin ƙwari. Yau zancen ƙarfe za mu yi, domin ƙarfen ya shigo cikin aikin gona. Moto mai ƙafa ukku, wanda muke kira dogon baro, shi ke kai taki gona, shi ke kwaso damman hatsi, shi ke kai tamakka da tumatir da ayaba na gandarin Jiratawa kasuwar Maraɗi ran Litinin da ran Jumma'a. In mace ta kama naƙuda da dare, sau da yawa shi ne motar asibiti. Ɗan uwansa mai rumfa, adaidaita sahu, ya samo sunansa daga Kano, inda anka fara aiki da shi a 2005, ya kuma yawaita bayan hana acaba a birnin a 2013. Masu rumfa irin Bajaj da TVS daga Indiya suke zuwa, masu ɗaukar kaya kuwa yawancinsu ƙirar Sin ne.

Jaki in ya gaji sai ya tsaya. Dogon baro ba ya gaya ma kowa ya gaji. Mai shi ne zai duba, ya gane. Abu biyu za mu duba yau: birki, wanda ke tsare rayukanmu, da man inji, wanda ke tsare dukiyarmu.

ABIN DA NA GANI DA IDONA

A watan Oktoba na 2023 ina komowa daga awon gonaki bisa motona, ina bayan dogon baro na wata ƙungiyar manoma. An ɗora masa buhu 9 na gero, mutum ukku na zaune bisa buhunan. Da munka kawo gangaren wata ƙorama, ga amalanken shanu gaba. Yaron da ke tuƙi ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, moto bai tsaya ba. Ya karkata don ya kauce ma shanun, sai ƙafar baya guda ta ɗaga, duka kayan sunka kife. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma wata baiwar Allah ta karye a hannu.

Washegari munka kira makanike ya kwance ƙafafun baya gaban jama'a. A gefen dama fatar birki ta cinye ƙaf, ƙarfe ke gugar ƙarfe. A gefen hagu fatar na nan, amma ta jiƙe sharkaf da mai. Notin ɗaure birki an murza shi har ƙarshen zare. Na zaro ma'aunin man inji: man ya yi baƙi ƙirin, ya kuma sauka ƙasa da zane. Na tambaya yaushe anka yi bidanji. Shugaba ya dubi ma'aji, ma'aji ya dubi direba. Babu wanda ya sani, alhali cikinsu mutum 11 sun gama ajin yaƙi da jahilci.

Moton ya yi sati ukku a ajiye, tsakiyar kaka. Ƙungiya ta biya magani, ta biya gyara, ta yi hayar amalanke. Sabbin takalman birki kuwa ba su kai kuɗin rabin buhun gero ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

YADDA BIRKI KE AIKI

Cikin kowace ƙafa akwai ƙwaryar ƙarfe mai juyawa tare da taya. Makanikai na kiranta tambur. Cikin tambur akwai takalma biyu masu siffar jinjirin wata, an manne musu fata mai kaushi. In kun taka birki, takalman su buɗe, fatar ta matse tambur, taya ta rage gudu. Da kun saki, sifirin ya maido su.

Ƙarfin ƙafar direba na isa ga takalman ta hanya biyu. Wasu motocin da sandar ƙarfe ko waya suke aiki. Wasu da man birki, mai bi ta cikin siririn bututu. Kowa ya duba nasa ya san irin da ke gare shi.

Gugar nan zafi take haifarwa. Duk ƙarfin gudun moto, zafi yake komawa cikin tambur. Ga doka biyu da ya kamata kowane direba ya hardace.

Ta farko: in kaya ya ninka, zafin da birki zai sha ya ninka. Buhun gero kilo 100 ne. Buhu 9 da mutum ukku sun haura kilo 1.000. Ku duba takardar moto ko farantin da anka buga a jikinsa, an rubuta nauyin da zai iya ɗauka. Abin da ya wuce nan, birki ba a yi shi dominsa ba.

Ta biyu: in gudu ya ninka, tazarar tsayawa ta ninka sau huɗu. Moton da ke tsayawa cikin taki 5 in yana gudun kilomet 20, sai ya yi taki 20 in yana gudun kilomet 40. Ban da haka, mai gudun kilomet 36 yana cin mita 10 cikin daƙiƙa guda, tun kafin ƙafarsa ta kai ga birki. Sauri ya haifi nawa.

ALAMOMI BAKWAI

Birki ba ya mutuwa rana ɗaya. Yana ba da labari tukuna.

1. Ƙafa na nutsewa ƙasa sosai kafin birki ya kama.
2. Ana jin kukan ƙarfe, ƙiii, in an taka.
3. Moto na ja gefe ɗaya in an taka. Wannan alama ce cewa ƙafa guda ta riga ƴar uwarta kamawa.
4. Bayan ƴar tafiya kaɗan tambur guda ya yi zafin da ba a iya kai hannu kusa, ko ana jin ƙauri.
5. Mai na tsatsowa ta bayan taya, ƙura ta manne wurin.
6. Ga mai man birki: feda ta yi laushi kamar soso, sai an taka sau biyu ko ukku.
7. Birkin ajiya ba ya riƙe moto a gangare.

Wanda ya ga ɗaya cikin bakwai, kada ya ɗauki kaya, kada ya ɗauki mutum, sai an duba.

AIKIN DA ZA KU IYA YI DA KANKU

Kowace safiya, kafin a ɗora kaya, a tura moto da hannu a taka birkin baya, a kama na gaba, kowanne shi kaɗai. Aikin minti ɗaya ne.

Kowane sati a auna wasan birki, wato tafiyar da feda ke yi kafin birki ya fara kamawa. Ga yawancin motoci, na ƙafa santimita 2 zuwa 3 ne, kamar faɗin yatsa biyu. Na hannu santimita 1 zuwa 2. In ya fi haka, a ɗaure notin da ke ƙarshen sanda ko waya.

Ga yadda ake ɗaurewa. A tsai da moto wuri mai tauri, babu kaya, a kashe inji, a sa dutse gaba da bayan ƙafar gaba. A ɗaga baya, a tokare da kututture mai ƙarfi. Kada kowa ya dogara da jak shi kaɗai. A murza noti rabin zagaye, a juya taya da hannu. A ci gaba haka har a ji fata ta fara taɓa tambur, sannan a sassauta kaɗan har taya ta juya sakayau. A yi ma ɗaya gefen daidai wa daida. Daga nan mutum ɗaya ya taka feda a hankali, mutum biyu na juya tayoyin: tilas su kama lokaci ɗaya. In an sauke, a gwada bisa fili mai ƙasa, a dubi sawun tayoyi. Sawu biyu su zama tsawo ɗaya.

In noti ya kai ƙarshen zare, magana ta ƙare: fata ta cinye. Wasu kan cire hannun birki su gusa shi bisa haƙoransa don su ƙara samun wurin ɗaurewa. Kada ku yarda. Ƙarfen da ke buɗe takalman na iya juyawa fiye da kima ya maƙale, taya ta ƙulle ana cikin gudu.

AIKIN MAKANIKE, KUNA TSAYE KUNA GANI

Sau biyu a shekara a buɗe tambur: kafin damina, da kafin kwasar amfanin gona. Mutum biyu na ƙungiya su tsaya kan aikin.

Ku ɗauki tsinken ashana ku gwada da kaurin fatar. Tsinken ashana wajen milimita 2 ne. In fatar ba ta fi shi kauri ba, ko a wuri guda ne, a canza. A canza takalman dama da na hagu tare, ko da gefe guda na da saura. Sabo a gefe guda, tsoho a gefe guda, shi ke kifar da mai ƙafa ukku.

Fatar da ta sha mai ba ta wankuwa. Wasu kan wanke da isansi, wasu kan babbaka ta da wuta. Man ya riga ya shiga cikinta, da ta yi zafi zai sake fitowa. A jefar da ita. Kuma a nemi inda man ya fito. Tsakanin tayoyin baya akwai tukunyar haƙora mai nata mai. In robar da ke tare man ta ƙare, ko an cika tukunyar fiye da kima, man ya bi ƙarfe ya zubo cikin tambur. Wanda ya canza fata bai canza robar ba, bayan wata guda zai sake sayen fata.

Takalman da anka sake manna musu fata a bakin kasuwa suna da araha. Amma in mannin ya saki da zafi, fatar ta zame ta ƙulle taya. Araha ba ta ado.

Ƙurar cikin tambur kada a hura ta da baki, kada a kaɗe ta da iska. Wasu fatun birki na ɗauke da wani ma'adini mai suna amiyant, wanda ƙurarsa ke kawo ciwon huhu da daji bayan shekaru. Ƙasashe da yawa sun hana shi, amma ba a rubuta mana abin da ke cikin fatar da muke saye. A goge da jiƙaƙƙen tsumma, a binne tsumman, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

A shafa giris kaɗan ga ƙarfen da ke buɗe takalman, kaɗan ƙwarai, kada ya taɓa fata. Sifirin da ya saki ko ya yi tsatsa a canza shi. Tambur da ya yi zurfin zane kamar kunyar gona, sabuwar fata ba za ta zauna masa ba. Bayan gyara, kwanakin farko a yi tafiya a hankali da kaya kaɗan, har fata ta zauna.

MAN BIRKI BA MAN INJI BA NE

Masu birkin mai, ku karanta murfin ɗan kwanon. An rubuta DOT 3 ko DOT 4. Abin da anka rubuta shi za a zuba. Wanga mai yana shan laima daga iska. DOT 3 sabo ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma in ya sha ruwa yana tafasa a digiri 140. DOT 4 kuwa daga 230 yake saukowa zuwa 155. In mai ya tafasa cikin bututu ya zama tururi, tururi kuwa ba ya tura takalma. Shi ne za ka taka ka ji wayam. Don haka ake canza shi duka kowace shekara biyu, kuma ba a sayen wanda anka buɗe anka ajiye.

Kada a zuba man inji, ko man gyaɗa, ko ruwan omo cikin kwanon birki, ko da a daji ne. Man inji na kumbura robobin birki, cikin ƴan kwanaki duka su lalace. Mai lamba DOT 5 shi ma wani iri ne dabam, ba a gauraya shi da waɗancan. In mai na raguwa kullum, akwai yoyo, a nemo shi. In feda ta yi laushi, iska ta shiga, makanike ya fidda ta.

HANNUN DIREBA

A gangare a sa giya ta ɗaya ko ta biyu tun daga sama, inji ya riƙe moto. Masu kashe inji ko sakin giya don tsimin isansi, ran mutane suke tsimi da shi. A rage gudu kafin kwana, domin taka birki tsakiyar kwana shi ke ɗaga ƙafar baya. Da damina, in an ratsa ruwan ƙorama ko na Gulbin Maraɗi, tambur ya jiƙe, birki ba ya kamawa. A yi tafiya kaɗan ana danna feda sannu sannu har ya bushe. Kaya masu nauyi a shimfiɗa su ƙasa, a raba dama da hagu.

AIKIN MAN INJI

Mai na yin aiki huɗu. Yana shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada su ci juna. Yana kwashe zafi. Yana wanke datti ya riƙe shi. Yana toshe tsakanin fistan da gidansa don ƙarfi kada ya zurare. Injin dogon baro ƙarami ne, man da ke cikinsa bai fi litir ɗaya da ɗan wani abu ba. Ga kaya mai nauyi, ga rairayi, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Moto na tafiya sannu, iska ba ta isa ta sanyaya shi. Man na shan wuya fiye da na babbar mota.

Iri ukku ne a kasuwa.

Na farko man ƙasa, wanda anka tace daga ɗanyen mai. Ana rubuta masa minérale ko mineral. Shi ya fi araha.

Na biyu man haɗi, wanda ake kira santetik. Ana rubuta 100% synthétique ko fully synthetic. A masana'anta ake gina shi ko a sake sarrafa shi, har ƙwayoyinsa su zama kusan girma ɗaya, kamar gero da anka tankaɗe anka fidda tsakuwa. Jamus ta yi aiki da irinsa lokacin yaƙin duniya na biyu, jiragen sama sunka biyo baya, a 1974 kuma Mobil 1 ya fito kasuwar motoci a Amurka. Amfaninsa shi ne jure zafi: ba ya saurin tsinkewa, ba ya saurin ƙonewa ya bar baƙin gamo cikin inji. Tsadarsa ta fi.

Na ukku gaurayen biyun, semi-synthétique. Ba a cika rubuta yawan man haɗin da ke ciki ba, saboda haka kada ku biya shi kuɗin na biyu.

KARATUN GALAN

Nan ne karatunku zai yi muku rana. Kafin ku biya, ku nemi abu huɗu a jikin galan.

Na ɗaya, 4T. Ma'anarsa man inji mai bugu huɗu, irin na dogon baro. Mai lamba 2T na injin da ake gauraya masa mai da isansi ne. Ba namu ba ne.

Na biyu, kaurin mai, bayan baƙaƙen SAE. Za ku ga 20W-50 ko 15W-40 ko 10W-40. Lambar farko da W na nuna yadda man ke gudana da sanyi. Ta biyu na nuna kaurinsa in inji ya yi zafi. A ƙasarmu lamba ta biyu ta fi muhimmanci. Ku bi littafin moto. In littafin ya ɓace, 20W-50 shi ya dace da zafinmu ga yawancin waɗanga injuna. Mai 0W-20 ko 5W-30, ko da santetik ne, na sabbin ƙananan motoci ne, ya yi tsinkewa da yawa.

Na ukku, API da baƙaƙe biyu. In na farko S ne, man injin isansi ne. In C ne, na gazuwal ne. Baƙi na biyu na bin jerin abajada: SL ya fito a 2001, SN a 2010, SP a 2020.

Na huɗu shi ne babba: JASO MA ko JASO MA2. Ga dalili. A babbar mota inji da giya da kuloci kowa da gidansa. A yawancin motocinmu kuwa mai ɗaya ke wanke su duka ukku, faifan kuloci cikin man suke iyo. Man ƙananan motoci na zamani an sa masa sinadarin ƙara santsi don tsimin isansi. In ya shiga dogon baro, kuloci na iya zamewa: inji na kuka, moto ba ya ja, faifai su ƙone. Don haka ne masu ƙera motoci na Japan sunka fito da wannan ma'auni a 1998, anka ƙara MA2 a 2006. JASO MB na motocin da kulocinsu ba ya cikin mai ne, ku bar shi. Masu cewa santetik na kashe kuloci, man mota sunka zuba. Santetik mai JASO MA ba ya yin haka.

Tukunyar haƙoran baya kuwa nata man dabam ne, mai kauri mai wari, irin SAE 90. Kada a musanya su.

TO, WANE ZA MU SAYA?

Mu yi lissafi. Waɗanga kuɗi na misali ne, kowa ya sa farashin kasuwarsu. A ce man ƙasa jika 2 ne litir, ana juye shi kowane kilomet 1.000. A ce santetik jika 6 ne, ana juye shi kowane kilomet 2.000. Cikin kilomet 6.000, man ƙasa sau 6, jika 12. Santetik sau 3, jika 18. Bambanci jika 6. Tambayar ita ce: injinku na shan wahalar da ta cancanci wagga jika 6?

Ku lura da abu guda. Santetik na jure zafi, amma ba ya kore ƙura. Yawancin ƙananan injunan nan ba su da matatar mai ta takarda, ƴar raga ce kawai da wani kwano mai juyawa. Ƙurar da ta shiga cikin man take zama tana gugar ƙarfe, kowane irin mai ne. Saboda haka a hanyoyinmu ba a barin santetik ya daɗe kamar yadda ake yi a ƙasashen da ke da kwalta ko'ina. A wanke matatar iska kowane sati lokacin hunturu da bazara, a wanke ragar mai duk ran bidanji.

Ga shawarata. Sabon inji a fara shi da man ƙasa, a juye da wuri, wajen kilomet 500 ko yadda littafi ya ce, domin garin ƙarfe na fita da yawa a farko. Moton da ke zuwa Maraɗi kullum da kaya, injinsa na da lafiya, kuma kuna da wurin saye amintacce, santetik ko gauraye zai amfane shi, musamman da bazara. Moton da ke tsakanin gida da gona, man ƙasa na gaskiya mai JASO MA ya ishe shi, in ana juyewa kan kari. Tsohon inji mai shuɗin hayaƙi ko mai yoyo, kada a ɓata masa santetik. Mai ba ya ɗinke ƙarfen da ya cinye, gyara yake so. In mai ya ragu a hanya, ƙara man ƙasa bisa santetik ba ya ɓarna, in duka 4T ne. Tafiya da inji babu mai ita ce ɓarna.

HATTARA DA JABU

Muna bakin iyaka, kaya na shigowa ta kowace hanya, nagari da mugu. Akwai masu tara tsoffin galan su cika da man da anka juye daga wata mota, su tace, su rufe. Galan mai tsada shi sunka fi so. Ku duba murfi da hatiminsa, ku duba lamba da kwanan wata. Ku zuba ɗan kaɗan a farar takarda: sabon mai garau yake kamar zuma, ba ya ƙauri, ba ya barin baƙin gari. Ku guji na kwalba da ake aunawa a rana bakin hanya. Santetik da ake saidawa kuɗin man ƙasa ba santetik ba ne. In kun juye galan, ku huda gindinsa kafin ku yar.

Tsohon mai kuwa a tara shi cikin jarka a kai garaji. Kada a zuba shi kusa da rijiya, ko fadama, ko magudanar gandari, ko inda ruwa zai kai shi tabkin Madarunfa, inda masunta ke neman abinci. Kada a shafa shi ga miki ko ƙazuwar dabba, balle ta mutum. Dafi ne. Jarkar mai kuma ba ta koma ta ruwan sha.

LITTAFIN MOTO

Kowace ƙungiya ta sayi kaye guda. A ja layi biyar: kwanan wata, kilomet, aikin da anka yi, irin mai, kuɗi. A zaɓi mutum ɗaya cikin waɗanda sunka gama karatu, namiji ko mace, ya riƙe shi, ya karanta shi gaban taro kowane wata. In agogon kilomet ya mutu, a ƙirga tafiya. Zuwa Maraɗi da komowa daga Madarunfa wajen kilomet 40 zuwa 50 ne, saboda haka tafiya 20 zuwa 25 sun kai kilomet 1.000. A kowace haya a ware wani abu a akwatin gyara kafin a raba riba. Kowace safiya a duba ma'aunin mai, moto na tsaye wuri sosai, inji a kashe: man ya tsaya tsakanin zane biyu.

Ƙungiyar da na ba ku labarinta ta yi haka. Matar da ta karye ita ce ta roƙi a ba ɗiyarta riƙon littafin, aka ba ta.

TAMBAYOYI DON ZAMAN SAURARO

1. Moton garinku birkin sanda gare shi ko na mai? Yaushe anka buɗe tambur ɗinsa?
2. Ku kawo galan ɗin man da kuke saye. Wa zai nuna 4T da SAE da API da JASO?
3. Buhu nawa kuke ɗora masa, kilo nawa ke nan, nawa anka rubuta a jikinsa?

Ku rubuto amsoshinku da hannunku, ku ba malamin gona na yankinku ya kawo gidan rediyo, za a karanta su cikin shirin manoma. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya.

Naku, malamin gona, Madarunfa.